Tsaro ko Farmaki: Muhawara kan Matsayin Salon Tsaro a Wasan Ƙwallon Tebur

Salon tsaro a wasan ƙwallon tebur shi ne tsarin da ɗan wasa ke barin abokin karawarsa ya riƙa kawo farmaki, shi kuwa yana mayar masa da ƙwallo ta hanyar da za ta jefa shi cikin kuskure. Teburin gasa tsawonsa mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, ragar da ta raba shi biyu tsayinta santimita 15.25, ƙwallon kuma nauyinta giram 2.7. A fili mai ƙanƙanta haka, da ƙwallo marar nauyi haka, abubuwa uku ne ke yanke hukuncin kowane maki: gudun ƙwallo, juyin da take yi a iska, da wurin da ta sauka. Mai farmaki ya fi dogara da gudu. Mai tsaro ya fi dogara da juyi da wurin sauka, tare da haƙurin jiran lokacin da hannun abokin karawa zai kuskure.

Masu horarwa da manazartan wasan sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan wannan salo. Wasu na ganin zamaninsa ya shuɗe, kuma duk wanda ya ɗora yaro mai hazaƙa a kansa ya rufe masa ƙofar zama zakaran duniya. Wasu kuma na ganin salon yana nan da ƙarfinsa, ƙarancin masu koyar da shi ne ya sa ake masa kallon rauni. Kafin a auna hujjojin kowane ɓangare, dole a san rassan salon, da kayan aikinsa, da yadda tarihi ya kawo shi inda yake.

Rassan salon tsaro

Reshe na farko, wanda ya fi shahara, shi ne sara. Mai sara yakan ja da baya daga tebur kamar mita biyu zuwa huɗu, ya bar ƙwallo ta rage gudu ta fara sauka, sannan ya sauko da raket daga sama zuwa ƙasa yana shafar ƙasan ƙwallon. Wannan yana sa mata juyin baya. Ƙwallo mai juyin baya idan ta taɓa raket ɗin abokin karawa sai ta nemi nutsewa ƙasa, don haka wajibi ne ya ɗaga ta da ƙarfi, in ba haka ba ta faɗa raga. Gwanintar mai sara tana cikin sauya yawan juyin ba tare da motsin hannunsa ya nuna ba. Sau ɗaya ya aiko ta da juyi mai nauyi, sau na gaba ya aiko ta kusan babu juyi, alhali hannu ya yi tafiya iri ɗaya. Mai farmakin da ya ɗauki marar juyi a matsayin mai nauyi zai ɗaga ta fiye da kima ta wuce tebur. Wanda ya yi akasin haka kuwa raga ce za ta karɓe ta.

Reshe na biyu shi ne tarewa a bakin tebur. Mai tarewa ba ya ja da baya. Yana sa raket a gaban ƙwallo da zarar ta tashi daga tebur, ya ari ƙarfin mai bugun ya mayar masa, yana karkatar da ita zuwa kusurwar da ta fi nisa da shi. A nan lokaci ake sacewa: ƙwallo na komawa tun mai farmaki bai gama dawo da hannunsa ba.

Reshe na uku shi ne cilla ƙwallo sama daga nesa, da juyin gaba ko na gefe, ta yadda za ta sauka can ƙarshen tebur ta yi tsalle mai wuyar kimantawa. Wannan ba kasafai yake zama salon mutum gaba ɗaya ba, mafaka ce da ko manyan masu farmaki ke komawa gare ta idan an kore su daga tebur. Segun Toriola na Najeriya ya nuna amfaninta a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, inda ya ci wani maki mai bugu 41 a karawarsa da Gao Ning na Singafo, bayan ya daɗe yana mayar da dukan da ake masa daga can bayan fili.

Raket da roba

Ba a fahimtar tsaro sai an fahimci robar da ke jikin raket. Mafi yawan masu farmaki suna amfani da roba mai santsin fuska da soso a ƙarƙashinta, wadda ke kama ƙwallo ta sa mata juyi mai yawa. Doka ta taƙaita kaurin roba da sosonta a kimanin milimita 4. Masu tsaro kuwa sukan haɗa roba iri biyu: mai santsi a ɓangaren tafin hannu, mai ƙuraje a ɓangaren bayan hannu.

Roba mai dogayen ƙuraje ita ce ta fi jawo magana. Ƙurajenta sirara ne masu lanƙwasa, ba sa kama ƙwallo sosai, saboda haka ba sa tsayar da juyin da ta zo da shi. Ƙwallon da aka aiko da juyin gaba sai ta ci gaba da juyawa yadda take, amma tunda alƙiblar tafiyarta ta sauya, sai ta isa wurin mai ita a matsayin juyin baya. Ma'ana, gwargwadon ƙarfin juyin da mai farmaki ya zuba, gwargwadon nauyin abin da zai dawo masa. Gajerun ƙuraje sun fi wuyar sarrafawa wajen sara, amma suna ba mai su damar ƙirƙirar juyinsa da kansa da kuma kai hari. Akwai kuma roba mai kashe juyi, wadda fuskarta ke da sulɓi. Wasu 'yan wasan sukan juya raket a hannu ana tsakiyar musayar ƙwallo, don su sauya robar da za ta taɓa ta.

Yadda tarihi ya kawo muhawarar

Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, an kafa ta a 1926, kuma a shekarun farko tsaro ne ke mulki. Raket na lokacin katako ne da 'yar roba mai ƙuraje babu soso, raga kuma ta fi ta yanzu tsayi, don haka kai hari kasada ce. Abin ya kai maƙura a gasar duniya ta Prague a 1936, inda Alojzy Ehrlich na Polan da Farkas Paneth na Romaniya suka shafe fiye da awa biyu a kan maki ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. A 1937 aka rage tsayin raga zuwa yadda yake a yau, aka kuma sa iyakar lokaci. A gasar wannan shekarar a Baden ta Ostiriya, an tsayar da wasan ƙarshe na mata tsakanin Ruth Aarons ta Amurka da Gertrude Pritzi ta Ostiriya saboda sun wuce lokaci, aka bar kambin babu mai shi, sai a 2001 aka ayyana su biyun a matsayin zakaru.

Duk da haka masu tsaro sun ci gaba da cin kofuna. Richard Bergmann ya zama zakaran duniya sau huɗu, a 1937 da 1939 da 1948 da 1950. Angelica Rozeanu ta Romaniya, wadda ke sara tana kuma kai hari idan dama ta samu, ta lashe kambin mata sau shida a jere daga 1950 zuwa 1955.

Sauyin ya fara ne a Bombay a 1952, lokacin da Hiroji Satoh na Japan ya ci gasar duniya da raket mai soso. Soso ya ƙara gudu da juyi, kuma wajen 1960 'yan wasan Japan suka fito da bugun ja, wato shafar ƙwallo daga ƙasa zuwa sama da sauri don ta sami juyin gaba mai tsanani. An ƙirƙiro wannan bugu ne musamman don ɗaga ƙwallon masu sara na Turai, kuma shi ne ginshiƙin farmaki har yau. Daga baya aka sami gam mai ƙara wa roba gudu, wanda ya yaɗu a shekarun 1980, da katakon raket mai haɗin kabon. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa mai farmaki ƙarfi.

Hujjojin masu cewa zamanin tsaro ya wuce

Hujjarsu ta farko ita ce jerin sunayen zakaru. Tun daga 1954, lokacin da Ichiro Ogimura na Japan ya ci gasar duniya, duk namijin da ya ɗauki kambin 'yan wasa ɗaiɗai mai farmaki ne. Eberhard Schöler na Jamus ta Yamma ya kusa karya wannan tarihi a Munich a 1969, ya ci turmi biyu na farko a wasan ƙarshe, amma Shigeo Itoh na Japan ya farfaɗo ya doke shi. Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu ya kai wasan ƙarshe a Paris a 2003, Werner Schlager na Ostiriya ya yi nasara a kansa. A ɓangaren mata, Tong Ling ta ƙasar Sin ce mai sara ta ƙarshe da ta zama zakarar duniya, a 1981. Tun da wasan ya shiga gasar Olamfik a Seoul a 1988, babu mai sara, namiji ko mace, da ya ɗauki zinaren 'yan wasa ɗaiɗai. Masu wannan ra'ayi na cewa shekaru saba'in sun isa shaida.

Hujja ta biyu ta shafi wanda ke riƙe da ragamar wasa. Mai farmaki ne ke zaɓar lokacin da zai buga da ƙarfi da lokacin da zai sassauta. Dabarun karya mai sara sanannu ne: a ja ƙwallo a hankali da juyi mai yawa har sai ta dawo sama, sannan a maka ta, a jawo shi kusa da raga da gajeren bugu, a sake kora shi baya, a auna gwiwar hannunsa, inda yake ruɗewa tsakanin amsawa da tafin hannu ko da bayansa. Mai tsaro yana cin abinci ne daga kuskuren wani, kuma a matakin ƙoli kuskure kaɗan ne. Ƙasar Sin ta daɗe tana ajiye ƙwararrun masu sara a sansanin horonta don manyan 'yan wasanta su riƙa gwaji da su, har sara ya daina ba su mamaki.

Hujja ta uku ita ce dokoki da kayan wasa. A shekarun 1970 da farkon 1980 wasu sun riƙa sa roba iri biyu masu launi ɗaya, suna juya raket, abokin karawa bai san wadda ta taɓa ƙwallo ba. Da irin wannan raket John Hilton na Ingila ya ba kowa mamaki ya ci gasar Turai a 1980. A cikin shekarun 1980 aka wajabta bambanta launin fuskokin raket biyu, wannan ruɗu ya ragu ƙwarai. A 2000 aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, abin da ya rage juyi. A 2008 aka haramta dogayen ƙurajen da ba su da kamu sam. Daga 2014 aka koma ƙwallon filastik a madadin ta seluloid, juyi ya sake raguwa. Tunda juyi ne makamin mai sara, duk abin da ya rage shi ya dushe masa kaifi. Rage makin turmi daga 21 zuwa 11 a 2001 shi ma, a ganinsu, ya rage lokacin da mai tsaro ke buƙata don gajiyar da abokin karawa.

Akwai kuma dokar gaggauta wasa. Idan turmi ya kai minti 10 ba a gama ba, kuma jimillar makin da aka ci ba ta kai 18 ba, sai a koma tsarin da kowa ke yin sabis sau ɗaya, kuma in mai karɓa ya mayar da ƙwallo sau 13, makin nasa ne. Wannan yana tilasta wa mai sabis ya kai hari. Mai tsaron da bai iya farmaki ba ya shiga uku a duk lokacin da sabis ya zo hannunsa.

Hujja ta huɗu ta shafi tarbiyyar 'yan wasa. Mai sara yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya nuna, domin sai ya koyi tsaro da farmaki duka, ya iya roba iri biyu, ya mallaki ƙafar da za ta kai shi gaba da baya a fili mai faɗi. Filin gasar ƙasa da ƙasa ba ya gaza mita 14 a tsawo da mita 7 a faɗi, amma ɗakunan horo da yawa tebura ne a cunkushe, babu wurin ja da baya. Kocin da ake auna aikinsa da sakamakon gasar yara ba zai so ya jira shekara goma ba.

Hujjojin masu cewa tsaro na nan da ransa

Ɓangare na biyu sun fara da ƙalubalantar ma'aunin. Kambin duniya mutum ɗaya ke ɗauka duk bayan shekara biyu, kuma dubban masu farmaki ma ba su taɓa kusantarsa ba. Idan aka dubi lambobin yabo gaba ɗaya, hoton ya sauya. Chen Xinhua na ƙasar Sin ya ci Kofin Duniya a 1985 yana mai sara. Kim Kyung-ah ta Koriya ta Kudu ta sami tagulla a Olamfik na Athens a 2004, Kim Song-i ta Koriya ta Arewa ta sami irinta a Rio a 2016 bayan ta doke Ai Fukuhara ta Japan. Viktoria Pavlovich ta Belarus ta zama zakarar Turai a 2010 da 2012. Hitomi Sato da Honoka Hashimoto na Japan, dukansu masu sara, sun ɗauki tagulla a wasan mata bibbiyu a gasar duniya ta Budapest a 2019. A shekarar ce kuma Hou Yingchao, yana dab da shekara 40, ya lashe gasar cikin gida ta ƙasar Sin, wadda ake yi wa kallon ɗaya daga cikin gasanni mafi tsauri a duniya. An sami yawancin waɗannan nasarori ne bayan an ƙara girman ƙwallo.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙarancin yawa. Idan cikin yara ɗari da aka fara horarwa 'yan ƙalilan ne aka ɗora kan sara, kuma galibi waɗanda aka ga ba su da saurin hannu ne, ba abin mamaki ba ne a rasa zakara a cikinsu. Jerin zakaru yana nuna abin da masu horarwa suka zaɓa su shuka, bai tabbatar da iyakar salon ba. Haka kuma ƙarancin ya zama riba ga 'yan kaɗan ɗin da suka rage, domin ɗan wasan da ya taso bai saba da sara ba yakan rikice ranar da ya fara haɗuwa da shi.

Daga nan hujja ta uku ta fito, wato amfaninsa a gasar ƙungiya. Misalin da aka fi kawowa shi ne wasan ƙarshe na maza a gasar duniya ta Tianjin a 1995. Suwidin ce ke riƙe da kofin tun 1989. Ƙasar Sin ta fito da Ding Song, mai sara da Turawa ba su san shi sosai ba, ya doke Peter Karlsson, Sin ta karɓe kofin da ci 3 da 2. Joo Sae-hyuk na cikin tawagar Koriya ta Kudu da ta ci azurfa a Olamfik na Landan a 2012, Han Ying kuma na cikin tawagar matan Jamus da ta ci azurfa a Rio a 2016. Mai tsaro ɗaya a tawaga yana tilasta wa abokan hamayya su raba lokacin shirinsu gida biyu.

Hujja ta huɗu ta shafi dokoki: wannan ɓangare na cewa ba duka ne suka cutar da tsaro ba. Babbar ƙwallo ta rage juyi, amma ta rage gudu ma, mai sara ya sami ƙarin lokacin isa gare ta. Haramta ɓoye ƙwallo lokacin sabis a 2002 ta sauƙaƙa wa mai karɓa, haramta gam mai ƙara gudu a 2008 kuma ta rage wa mai farmaki wani abu. Turmi mai maki 11 gajere ne ga kowa: mai farmaki ma ba shi da isasshen lokacin karantar juyin da ake aiko masa, kuskure uku ko huɗu sun isa su tafi da turmi.

Hujja ta biyar ita ce tsawon rai a fagen wasa. Salon da ya dogara da karatun juyi da sanin wurin ajiye ƙwallo ba ya tsufa da wuri kamar wanda ya dogara da zafin nama. Panagiotis Gionis na Girka ya haura shekara 40 yana fafatawa a manyan gasanni. Ni Xialian ta Luxembourg, mai riƙe raket kamar alƙalami da tarewa a bakin tebur da roba mai ƙuraje, ta ci tagulla a wasan bibbiyu a gasar duniya ta Houston a 2021, ta kuma ci wasa a Olamfik na Paris a 2024 tana da shekara 61.

Ta ƙarshe, babu zakaran da ba ya tsaro. Jan-Ove Waldner na Suwidin da Vladimir Samsonov na Belarus sun yi suna wajen tarewa. Michael Maze na Denmak ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta Shanghai a 2005 bayan ya farfaɗo daga ci 3 da nema a hannun Hao Shuai, kuma cilla ƙwallo sama na cikin abin da ya cece shi.

Takaddama kan adalci da 'yan kallo

Akwai wata jayayya da ke rakiyar wannan muhawara, musamman a ƙananan gasanni. Wasu na zargin cewa masu dogayen ƙuraje roba ce ke ci musu wasa, domin mutum na iya tsayawa a bakin tebur yana tarewa kawai, abokin karawarsa na ta zubar da maki. Masu kare su na amsawa da cewa robar halattacciya ce, tana cikin jerin da ITTF ta amince da shi, kuma doka ta ba kowane ɗan wasa damar duba raket ɗin abokin karawarsa kafin a fara. Halinta ma sananne ne: abin da ka aika shi ke dawo maka a juye, kuma idan aka aika mata ƙwallo marar juyi ba ta da abin juyawa. Wanda ya san wannan ya kwance mata asiri. Gaskiyar zargin ta tsaya ne a matakin masu koyo, inda jahilcin juyi ya yi yawa; a matakin ƙwararru robar ita kaɗai ba ta cin wasa. Manika Batra ta Indiya, wadda ta ci zinare a gasar Commonwealth ta 2018, tana da dogayen ƙuraje a bayan hannu, amma da farmakin tafin hannu take ƙarasa makinta.

Ta fuskar 'yan kallo, tarihi ya juya. A shekarun 1930 tsaro ne ya gundure su har aka yi dokar lokaci. A yau ƙorafin shi ne maki na ƙarewa a bugu uku ko huɗu, kuma neman tsawaita musaya na cikin dalilan ƙara girman ƙwallo. Karawar mai sara da mai farmaki ita ce ke ba da doguwar musayar da ido ke iya bi. Amma idan masu tsaro biyu suka haɗu, tsohuwar matsalar na iya dawowa, sai dokar gaggauta wasa ta raba gardama.

Auna hujjojin

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, za a ga ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nufi da kalmar tsaro ba. Tsaro tsantsa, wanda mai shi ke mayar da ƙwallo yana jiran kuskure kaɗai, hujjar ɓangare na farko a kansa ba ta da amsa. Bugun ja, da raguwar juyi, da dokar gaggauta wasa sun rufe masa hanya a matakin ƙoli.

Amma manyan sunayen da ɓangare na biyu ke kafa hujja da su a zamanin nan ba irin wannan tsaro suke yi ba. Ding Song da Joo Sae-hyuk suna sara da bayan hannu, amma da zarar ƙwallo ta zo da sauƙi sai su juya su ja ta da tafin hannu da ƙarfin da bai gaza na masu farmaki ba. Joo ya bi ta kan Ma Lin na ƙasar Sin kafin ya kai wasan ƙarshe a 2003, kuma da wannan haɗin ya yi. Barazanar harin ce ke ba sara ƙarfinsa: mai farmakin da ya san in ya sassauta za a far masa dole ya ci gaba da bugu mai kasada, a nan kuma kuskure ke zuwa. Idan babu wannan barazana, sai ya tura ƙwallo a hankali ya huta, ya zaɓi wadda yake so.

Hujjar jerin zakaru tana da nauyi, amma ba ta kai yadda masu ita ke ɗauka ba, domin ba a taɓa gwada salon biyu da adadin yara iri ɗaya da kulawa iri ɗaya ba. Ita ma hujjar ƙarancin yawa tana da iyaka. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa yawan 'yan wasa da ƙwararrun masu horarwa, ba ta daina fitar da masu sara ba, amma ba su take ɗora wa nauyin zinaren 'yan wasa ɗaiɗai ba. Kuma ribar da ƙaranci ke bayarwa za ta ragu da zarar masu sara sun yawaita. Bambancin maza da mata shi ma abin lura ne: inda ƙarfin duka ya fi tsanani, sara ya fi shan wuya, shi ya sa lambobin Olamfik na 'yan wasa ɗaiɗai da masu sara suka samu sun fito ne daga ɓangaren mata.

Saboda haka amsar ta danganta da abin da ake nema. Ƙasar da burinta zinaren 'yan wasa ɗaiɗai na maza ne tana da dalilin zuba yawancin ƙarfinta a farmaki, kuma hanyar da manyan 'yan wasan Afirka suka bi ke nan: da farmakin tafin hannu Aruna Quadri na Najeriya ya kai kwata fainal a Olamfik na Rio a 2016, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Tawagar da ke neman lambar yabo a gasar ƙungiya, ko take son 'yan wasanta su iya karawa da kowane irin salo, tana buƙatar masu tsaro a cikinta, ko da don horo ne. Ga ɗan wasa ɗaya kuwa, abin dubawa shi ne halittarsa: mai haƙuri, mai saurin ƙafa, mai kaifin ido wajen karantar juyi na iya kaiwa nesa da sara fiye da inda farmaki zai kai shi, da sharaɗin a koya masa kai hari tun daga farko, a ba shi filin da zai ja da baya, a kuma yi haƙuri da shekarun da salon ke ci kafin ya nuna.